WA KE DA IKON DAJI? TARIHIN BURTALI DA GANDU A ƘASAR GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU

Masu karatu da yawa sun saba jin rikicin manoma da makiyaya a ƙasar Zamfara, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi wanda ke yanke shawara a kan daji tun asali, watau wanda ke cewa nan gona ce, nan burtali, can kuwa mashaya. Wannan ɗan bayani zai bi sawun ikon nan daga zuwan Turawa zuwa yau.

Kafin 1903, lokacin da Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi, dagaci da mai unguwa su ke ba da izinin saran daji, ardo kuwa shi ke magana da yawun Fulani. Ba a ce zamanin ba zalunci ba, amma dai mai ba da izinin yana zaune cikin mutanen da abin ya shafa, gobe za su haɗu a masallaci ko kasuwa.

Turawa sun canza wannan ta fuska biyu. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin Gwamna. Sa'an nan dokokin daji na 1916 da 1937 suka ba da damar keɓe gandun daji, har En'e ta riƙa keɓe nata. Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk suna ƙarƙashin En'en Sakkwato, saboda haka Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu hakimai ne masu zartar da umurnin da aka yanke can nesa. A takarda, kafin a keɓe gandu sai an yi shela, an saurari mai da'awar haƙƙin kiwo ko itace ko zuma, wanda bai zo ya faɗa ba kuwa haƙƙinsa ya faɗi. To, makiyayin da ya tafi cin rani da shanunsa yaushe ya ji shelar? Matar da ke tsintar ɗorawa da kaɗanya wa ya kira ta? Ga shi kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau noman auduga da gyaɗa ya yi ta cin daji. Bafulatani yana biyan jangali kowace shekara, amma jangalin bai saya masa kujera a majalisar En'e ba.

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Niyya ce mai kyau, sai dai yawancin wuraren da aka ware ba a tabbatar da su a gazet ba, abin da ba a tabbatar ba kuwa cinye shi ba wuya.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya kawar da En'e, aka ce an kawo mulki kusa da talaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, ba tare da neman yardar Gwamna ba. Wannan iko ne babba ƙwarai. Dokar ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma, amma Gwamna ke zaɓen 'yan kwamitin, ba ta kuma tilasta a sa manomi ko ardo a ciki ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Ofis ya matso daga Sakkwato zuwa Bunguɗu, amma mutumin Karakkai bai sami ƙofar da zai shiga ya ce kada a yanka burtalin da ke bayan garinsu ba. Kansilan mazaɓar Gada da Karakkai ƙuri'a ɗaya gare shi a majalisa, in ma an yi zaɓen ke nan, domin sau da yawa kantomomi aka riƙa naɗawa.

Irin wannan rashin jin ta bakin jama'a ya riga ya jawo jini a Bakalori cikin Afrilun 1980, inda 'yan sanda suka harbe manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ko da yake can aikin Gwamnatin Tarayya ne.

Bayan kafa Jihar Zamfara a 1996, musamman daga 1999, an yi ta raba gonaki cikin gandun daji da makiyaya, manyan filaye kuma suka fi faɗawa hannun masu hali da masu kusanci da hukuma. Ƙaramin manomi ya matsa cikin burtali, shanu suka rasa hanya sai ta cikin shuka. Wannan ba shi kaɗai ya haifi ta'addancin da ya addabi ƙasar ba, amma duk mai bincike na gaskiya yana lissafa shi cikin dalilai.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai za su riƙe su. Hukuncin ya tsaya a kan kuɗi da zaɓe, bai taɓa dokar 1978 ba, kwamitin rabon ƙasa yana nan yadda aka tsara shi.