Motocin Ƙarfi na Amurka: Daga Bola Zuwa Filin Tsere

Duk lokacin da na ga hoton Chevrolet Camaro ƙirar 1969 an fito da ita daga gareji tana sheƙi, nakan tambayi kaina: shin motar wancan zamanin ce, ko wata ce daban ta ari rigarta? Kafin in faɗi ra'ayina, mai karatu, bari mu koma baya kaɗan.

A 1964 ne injiniya John DeLorean da abokan aikinsa a kamfanin Pontiac suka ɗauki ƙaton inji mai silinda 8, lita 6.4, suka cusa shi a matsakaiciyar mota, suka raɗa mata suna GTO. Samarin Amurka suka yi mata rubdugu, nan da nan Ford da Dodge da Chevrolet suka bi sahu. Sai dai motocin gwanayen miƙaƙƙiyar hanya ne kawai. Birkinsu ba ya jimre zafi, in kuwa aka zo kwana sai direba ya yi ta kokawa da sitiyari.

Zamaninsu bai yi tsawo ba. Kuɗin inshora ya hau, aka kafa dokar rage hayaƙi a 1970, sannan takunkumin man Larabawa na 1973 ya ƙarasa su. Tsadar man da ta cika baitulmalin Nijeriya ita ce ta tura su bola. Bayan 1974 aka dakatar da ƙera GTO.

A ƙarshen shekarun 1980 wani uba da ɗansa, Dan da R.J. Gottlieb, suka tayar da wata Camaro da ake kira Big Red, wadda ta haura kilomita 320 a awa a titin jihar Nevada. A 1993 injiniya Mark Stielow ya shiga gasar One Lap of America da tasa, inda dole mota ta bi titi da ƙafarta daga wannan filin tsere zuwa wancan. Salon ya samu suna Pro-Touring.

Aikin ba ƙarami ba ne. Akan kwance motar kaf, a yanke tsatsa, a yi walda, a sa birkin faifai da giya 5 ko 6, galibi kuma a ɗora injin LS wanda ya fara fitowa a 1997. Wahalar tana wajen daidaitawa: in sifirin ya yi tauri bayan direba ya ji jiki a titi, in ya yi laushi motar ta riƙa tangaɗi a filin tsere.

Masu kishin kayan tarihi suna ganin wannan ɓarna ce, domin motar da ke da injinta na asali ta fi daraja a gwanjo. Na yarda da su a kan 'yan ƙalilan da suka tsira lafiya, a bar su yadda suke. Amma wadda kaji ke kwana a cikinta fa? Ni dai gara in ji kukanta a titi da sabon inji, da in ga tsatsa ta cinye ta da tsohon.