Tarihin Karɓe Gidaje da Gonaki a Arewa: Misali Daga Ƙasar Bagwai

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin dokokin da suka ba hukuma ikon karɓe gida da gona, sannan mu auna su da halin magidanci a ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, inda aka gina madatsar ruwa ta Watari tsakanin 1977 da 1980.

Asalin Dokar

Tun kafin zuwan Turawa, talakan Kano yana gadon gona, yana ba da aronta, yana jinginar da ita. A 1910 Turawan mulki suka kafa doka wadda ta sa ƙasar Arewa baki ɗaya a hannun Gwamna. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta, ta mayar da ikon ga minista. A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka. Ke nan mai gida haƙƙin zama kawai gare shi, kuma ana iya soke shi saboda amfanin jama'a.

Matsalar Diyya

A nan gizo yake saƙar. Dokar 1978 ta ɗora diyya a kan abin da aka kafa bisa ƙasa, wato gini da amfanin gona, ba a kan darajar ƙasar ba. To, gidan ƙauye na tubali da azara kuɗinsa kaɗan ne a idon mai ƙiyasi. Jarin magidanci na gaskiya shi ne takin da kaka da kakanni suka zuba a gona, da fadamar rani, da maƙwabtan da ake gayya da su. Dokar ta yarda a ba mutum wani wurin a madadin kuɗi; amma a ƙasa irin ta Bagwai, inda gona take manne da gona, ina dajin da za a sara? Duk filin da aka ba wanda aka tasa, na wani ne.

Kammalawa

Ba mu musun amfanin Watari ga noman rani. Sai dai a tuna da Bakolori, a tsohuwar Jihar Sakkwato, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta a watan Afrilu, 1980. Shawararmu ita ce a riƙa lissafa ƙasar kanta cikin diyya, a kuma zauna da masu gidaje kafin a kafa turakun awo.