Dogo da Kogi: Waiwaye a Kan Tarihin Kasuwanci da Siyasar Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

A duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗa a Jihar Yobe, akwai wata muhawara da takan taso a arewacin jihar, musamman a garuruwan Nguru da Gashuwa. Wasu kan ce an mayar da shiyyar saniyar ware, tun da har zuwa zaɓen 2023 ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba. Wasu kuma kan mayar da martani da cewa ai ɗan Gashuwa ya riƙe shugabancin Majalisar Dattawa, kuma an kawo wa garin jami'a. 'Yan kasuwa kuwa kukansu ɗaya ne, wato ciniki ya ja baya. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin garuruwan biyu don mu ga abin da ya ɗaga kasuwanninsu da kuma abin da ya raunana su. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, arzikin wannan yanki ya rataya ne a kan hanya da ruwa, kuma galibin shawarwarin da suka taɓa waɗannan abubuwa biyu an yanke su ne nesa da yankin.

Kafin Zuwan Dogo

Nguru tsohuwar ƙasa ce a tarihin Daular Barno. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Barno, wanda aka ɗora wa alhakin tsaron yammacin daular da lura da al'amuran da suka haɗa ta da ƙasar Hausa. Ta wannan ƙasa fatake kan bi da kanwa da mangul daga ƙasar Manga zuwa kasuwannin Kano. Ke nan tun asali matsayin Nguru na mashiga ne tsakanin Barebari da Hausawa.

Labarin Gashuwa kuwa yana haɗe da na mutanen Bade. A rabin farko na ƙarni na 19 Lawan Babuje ya haɗa kan Badawa, ya gina birnin Gogaram mai ganuwa, ya tsare 'yancin mutanensa daga matsin Barno ta gabas da na Haɗeja ta yamma. Fadamu da kogunan da suka kewaye ƙasar su ne suka zama mata garkuwa, su ne kuma rumbunta na kifi da shinkafa da makiyaya. Sai a 1946 aka ɗauke hedikwatar masarautar daga Gogaram zuwa Gashuwa, wadda ke bakin kogi kuma kan hanyar da ta nufi Nguru. Dalilin da ya sa kusanci da Nguru ya yi daraja a wannan lokaci shi ne abin da za mu duba yanzu.

Zamanin Jirgin Ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya Turawan mulkin mallaka suka miƙa shi gabas ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, har ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Daga wannan shekara har fiye da shekara talatin, Nguru ita ce tashar jirgi mafi kusa ga mafi yawan Lardin Barno da kuma kudu maso gabashin ƙasar Nijar. Mai gyaɗa da mai ƙaro da mai fatu da ƙiraga, duk a nan suke sauke kaya. Raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, su kawo, jirgi ya kwashe zuwa Kano da Ikko.

Garin ya cika da baƙi. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sito-sito, Hausawa 'yan baranda da dillalai suka kafa sikeli, Yarabawa da Ibo suka zo aikin jirgi da ciniki. Wata sana'a da ta fito da sunan Nguru ita ce ta busasshen nama, wanda akan yi lodinsa zuwa Badun da Ikko, har aka gina wa garin mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi a shekarun 1960. Gashuwa ma ta amfana, domin ita ce matattarar bandar kifi da gyaɗa da dabbobi daga ƙauyukan Bade kafin a wuce da su tasha.

Ya kamata mu lura cewa ba mutanen Nguru ne suka zaɓi inda dogo zai tsaya ba. Buƙatar Turawa ce ta kwasar amfanin gona zuwa bakin teku ta kawo shi. Hakan ya sa lokacin da buƙatar ta sauya, ba a nemi shawararsu ba. A 1958 Nijeriya ta karɓi rancenta na farko daga Bankin Duniya, na dala miliyan 28, don aikin jirgin ƙasa, ciki har da shimfiɗa sabon layi daga Kuru, kusa da Jos, ta Bauci da Gombe zuwa Maiduguri. Da layin ya isa Maiduguri a 1964, sai kayan tsakiya da gabashin Barno suka sami wata mafitar. Bayan haka fari na 1972 zuwa 1974 ya karya makiyaya da manoma, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya saura na wannan ciniki, kuɗin man fetur kuma suka karkatar da hankalin gwamnati daga dogo zuwa kwalta. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Ta haka tashar da ta raya garin ta yi ta yin rauni, har motoci suka ƙwace mata kaya.

Zamanin Madatsun Ruwa

A daidai lokacin da dogo ke ja baya, wani al'amari na faruwa ga kogi. Kogin Haɗeja yana tasowa ne daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma daga tuddan Jos. Dukkansu suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan su haɗu kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, mai gangarawa Tafkin Cadi. Rayuwar yankin ta ginu ne a kan cikar ruwa da janyewarsa. Idan ya cika a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Idan ya janye a yi noman rani a kan laima, makiyaya su sauko da dabbobi, rijiyoyi kuma su sami ruwa.

A 1974 gwamnatin Jihar Kano ta Audu Baƙo ta kammala madatsar ruwa ta Tiga don noman rani a Kadawa da samar wa birnin Kano ruwan sha. A 1992 aka kammala ta Calawa. Babu shakka mutanen Kano sun amfana. Amma a ƙasan kogin, faɗin da ruwa ke rufewa da damina ya ragu ƙwarai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, amma zuwa farkon shekarun 1990 ya koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000, sakamakon madatsu da kuma fari. Nazarin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala cikin fadamun, idan aka haɗa noma da su da itace, ya ninka wanda ake samu daga adadinsa a aikin noman rani na Kogin Kano sau da yawa.

Bugu da ƙari, madatsun sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan ƙafe da rani, yanzu kuwa ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye magudanai. Ta toshe wasu rassan kogin, ta karkatar da ruwa zuwa reshen Marma mai zuba cikin tafkin Nguru. Sai ya zamana gonaki na nutsewa a wani gefe, wani gefen kuma yana fama da ƙishirwa. Tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi su ma suka sami maɓoya a cikinta. Manomin da ya rasa gonarsa da masuncin da komarsa ta fito wayam su ne masu sayen kayan ɗan tireda a kasuwar Nguru da ta Gashuwa, don haka asararsu ba ta tsaya a bakin kogi ba.

An yi yunƙurin gyara. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru. A 1990 shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, ya fara aiki daga Garin Alƙali kusa da Gashuwa. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 kuma aka yi taro a Damaturu, inda jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun kula da shi tare da Gwamnatin Tarayya. Har ila yau adawar Yobe da Barno na cikin abubuwan da suka dabaibaye shirin gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, reshen da har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba.

Sabuwar Jiha da Tsohuwar Matsala

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Yobe daga Jihar Barno, da hedikwata a Damaturu. Daga cikin ƙananan hukumomi 17 na jihar, shida ne ke shiyyar arewa: Bade da Jakusko da Karasuwa da Macina da Nguru da Yusufari. Zaɓaɓɓun gwamnonin da aka yi zuwa 2023 su ne Bukar Abba Ibrahim da Mamman Bello Ali da Ibrahim Gaidam da Mai Mala Buni. Uku daga shiyyar gabas suke, ɗaya daga kudu. Saboda haka ƙorafin masu neman karɓa-karɓa yana da tushe, kuma adalci ne a saurare shi.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujja. A 2000 Nguru ta shiga cikin masarautun da gwamnatin Bukar Abba ta ƙara a jihar. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa. Ahmad Ibrahim Lawan, ɗan Gashuwa, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Gwamnatin Buni kuma ta gina kasuwannin zamani a manyan garuruwan jihar, har da Nguru da Gashuwa. Duk waɗannan abubuwan alheri ne. Sai dai Hausawa na cewa idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Rumfa mai kyau tana jiran kaya da mai saye, su kuwa ta hanya da ruwa suke zuwa. Rufe iyakoki na 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga 2023 zuwa 2024, sun sake tuna mana yadda shawarar da aka yanke a Abuja kan taɓa kasuwar dabbobi da ta hatsi a garuruwan da ke maƙwabtaka da Nijar. Haka kuma sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina ne, reshensa ya tsaya a Dutse.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, sau biyu cikin ƙarni ɗaya aka sauya makomar Nguru da Gashuwa daga waje: da farko ta hanyar dogo a 1930 da 1964, daga baya ta hanyar kogi a 1974 da 1992. Mafi yawan waɗannan al'amura suna hannun Gwamnatin Tarayya da jihohin sama da kogi, ko gwamna ɗan shiyyar ne ba zai iya warware su shi kaɗai ba. Don haka muna ganin muhawarar da ake yi za ta fi amfani idan aka faɗaɗa ta. Duk mai neman ƙuri'ar yankin, daga kowace shiyya ya fito, a tambaye shi: wane tsari zai nema na sakin ruwa daga Tiga da Calawa? Nawa zai ware don yashe magudanai da cire kacala? Mene ne matsayinsa kan Kafin Zaki? Wane mataki zai ɗauka don a farfaɗo da layin Kano zuwa Nguru? Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masunta da na makiyaya, tare da malamai da ɗaliban jami'ar Gashuwa, su ne suka fi cancanta su riƙe waɗannan tambayoyi, su kuma riƙa bin diddigin amsoshinsu bayan an gama zaɓe.