Hawan Jini a Shekara 50 da Makomar Ƙwaƙwalwa a Tsufa

Idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu, akan ce rikicin tsufa ne, a sallama. Amma bincike ya nuna cewa wani ɓangare na wannan rikici yana somawa ne a jijiyoyin jini, tun mutum na da ƙarfinsa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Siraran jijiyoyi ne ke kai mata wannan abinci. Hawan jini yana kaurara bangonsu har su tsuke. Ciwon suga da shan taba da yawan kitse a jini suna ƙara ɓarnar. Sai ƙananan wurare su riƙa mutuwa a ɓoye, ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba. Sau da yawa saurin tunani da iya tsara aiki ne ke fara raguwa kafin mantuwa ta bayyana: ɗan kasuwar da ke lissafi da ka sai ya fara jinkiri.

Tambayar ita ce, yaushe ɓarnar ta fi tsanani? Binciken Whitehall II, wanda tun 1985 yake bibiyar ma'aikatan gwamnati 10,308 a Landan, ya ba da amsa a 2018. Waɗanda lambar sama ta awon jininsu ta kai 130 ko fiye suna da shekara 50 sun fi fuskantar lalacewar ƙwaƙwalwa daga baya. Ba a ga wannan alaƙa ba ga awon da aka yi a shekara 60 ko 70. Wannan abin tsoro ne, domin 130 lamba ce da mutane da yawa ba sa ɗauka a bakin komai.

Najeriya ma tana cikin labarin. Aikin da ya kwatanta dattawan Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatan Indiyanafolis a Amurka ya bayyana a 2001 cewa sababbin masu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa a kowace shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, amma 3.24 a Indiyanafolis. Hawan jini da ciwon suga sun fi yawa a ɓangaren Amurka, kuma masu binciken sun sa su cikin dalilan da suke zargi.

Alaƙa dai ba hujjar sanadi ba ce, shi ya sa gwajin SPRINT MIND na 2019 ke da nauyi. Cikin mutane 9,361, waɗanda aka nemi sauke jininsu ƙasa da 120, maimakon 140, sun samu ragin kashi 19 a matakin farko na raunin tunani. A cikakkiyar cutar kuwa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma an tsayar da gwajin da wuri saboda amfanin da ya nuna ga zuciya.