Hamisu Lamido Iyan-Tama da Tarihin Sana'ar Shirya Fim a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wata sana'a wadda da yawa daga cikinmu muka daɗe muna kallon amfanin gonarta ba tare da mun san yadda ake noma shi ba, wato sana'ar shirya finafinai da waƙoƙin bidiyo. Dalilinmu kuwa shi ne, mu 'yan asalin Indabo mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, kusan babu gidan da ba a samun yaro ko yarinya mai sha'awar wannan harka, kuma sau da yawa iyaye kan yanke hukunci a kanta, ko na yarda ko na hani, alhali ba su san tarihinta ba. Mun zaɓi mu bi sawun Alhaji Hamisu Lamido Iyan-Tama, domin a rayuwarsa ta sana'a an ga kafuwar masana'antar, an ga bunƙasarta, an kuma ga ranar da ta shiga ƙunci.

Kafin zuwan bidiyo

Tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce gidajen silima na birnin Kano, irin su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, suka saba wa jama'a da finafinan Indiya, waɗanda labaransu na soyayya da auren dole da biyayyar iyaye suka yi kama da abin da Bahaushe ya sani a gidansa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin, inda su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero suka yi suna. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim, amma irin wannan aiki na majigi yana cin kuɗin da sai hukuma ce ke iya ɗauka.

Abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne kyamarar bidiyo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda masana suka ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Daga nan ne samari marubuta littattafan soyayya da 'yan ƙungiyoyin wasan daɓe suka fahimci cewa da kyamara ɗaya da ɗan jari mutum zai iya isar da labarinsa har cikin ɗakunan matan aure.

Sutudiyon Iyan-Tama da kiɗan fiyano

A cikin wannan yanayi ne kamfanin Iyan-Tama Multimedia ya bayyana a birnin Kano cikin shekarun 1990. Iyan-Tama ya yi fice a matsayin furodusa, ya kuma fito a finafinai a matsayin ɗan wasa, sai dai babban tasirin kamfaninsa ya fi bayyana ta fuskar kiɗa. Kafin wannan lokaci, mai shirya fim idan yana son waƙa sai ya nemo makaɗan kalangu ko na garaya ko 'yan koroso, ya ɗauki nauyinsu gaba ɗaya. Da sutudiyon ya kawo fiyano samfurin Yamaha, sai ya zamana makaɗi ɗaya yana zaune yana fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga na'ura guda, cikin ɗan lokaci kuma da kuɗi kaɗan. Badaƙala na Ɗan'azumi Baba, wanda ya fito a 1997, yana cikin finafinan farko da suka amfana da wannan sabon salo.

Da kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya a 1999, wanda Ali Nuhu ya fito a ciki, sai kasuwa ta tabbatar da cewa waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan tsarin aikin furodusa ya sauya. Yakan fara da zuwa sutudiyo a buga masa waƙoƙi, a ɗauki hoton rawarsu, a saka su a matsayin talla a farkon wasu finafinai, a kuma sayar da kaset ɗin waƙoƙin daban, tun kafin a kammala ɗaukar labarin. Ta haka waƙar bidiyo ta zama sana'a mai zaman kanta a ƙasar Hausa. A daidai wannan lokaci ne kuma aka samu mujallun da ke bin harkar, wato Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya samo asali, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme wadda ta fara fitowa a 1999.

Yadda kuɗin ke juyawa

Ya kamata mai karatu ya san cewa furodusa shi ne uban tafiya. Shi ke nemo jari, ya sayi labari, ya ɗauko darakta da 'yan wasa da mai kyamara, ya ciyar da su a wurin ɗaukar fim, ya biya mai tace hoto. Amma idan aiki ya kammala, akalar ciniki tana hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata. Tsarin da aka saba da shi a wancan zamani shi ne furodusa ya buga kwalayen kaset ya sayar wa dillalai, su kuma su kwafi fim ɗin a kan kasusuwansu su saka cikin kwalin. Ribarsa ke nan tana rataye da yawan kwalin da ya shiga, kuma sau da yawa bashi ake karɓa. Idan fim bai karɓu ba, asara tasa ce shi kaɗai. Idan kuma ya karɓu, masu satar fasaha na jiran sa a Kano da sauran garuruwa har ƙetaren iyaka. Wannan ne ya sa furodusoshi da dama suka riƙa cusa rawa da waƙa ko da labarin bai buƙace su ba, kuma wannan ɗin ne ya jawo musu fushin malamai da iyaye.

Zuwan Hukumar Tace Finafinai

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sa'annan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i domin a ci gaba da sana'ar bisa ƙa'ida. An yi ta tafiya a haka har zuwa watan Agusta na 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na batsa da ya shafi wata 'yar wasa ya bazu a wayoyin hannu. Jama'a suka harzuƙa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin sharuɗɗan rajista, kotun tafi-da-gidanka kuma ta shiga hukunta waɗanda aka kama. Masu sana'ar da yawa suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Jos da Abuja.

Iyan-Tama, wanda ya fito takarar gwamnan Kano a zaɓen 2007, yana cikin waɗanda suka fito fili suka soki salon hukumar. A wannan tsakani ne ya shirya Tsintsiya da tallafin ofishin jakadancin Amurka, fim ɗin da ya yi kira ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, wanda kuma ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Zuma a Abuja a 2008. A watan Mayu na shekarar aka kama shi bisa tuhumar gudanar da kamfani ba tare da rajistar hukumar ba, da kuma sakin fim ɗin a Kano ba tare da an tace shi ba. Ya musanta tuhumar duka biyu. A ƙarshen Disamba 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata 15 da tarar naira 300,000 a haɗe cikin hukuncin. Ya shafe watanni a kurkuku kafin Babbar Kotun Jihar Kano ta soke hukuncin a watan Maris na 2009, ta ba da umarnin a sake shari'ar.

Mu mutanen ƙasar Wudil wannan guguwa ba ta tsallake mu ba. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, ɗan Ɗanlasan ta Warawa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya kuma yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan barkwanci da waƙa, shi ma kotun ta ɗaure shi wata 2 a Oktoba 2008 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 10 ga Disamba 2014.

Bayan kaset

Abin da dokar hukuma ba ta yi wa kasuwar ba, sauyin zamani ya yi mata. Kaset ya ba faifan sidi wuri, faifan kuma ya mutu a hannun masu tura finafinai a waya. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo salon shiri mai dogon zango, daga baya su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa furodusa zai iya samun masu kallo ta talabijin da YouTube ba tare da ya bi ta hannun dillali ba. A 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, abin da ke nuna nisan tafiyar da aka yi daga zamanin Turmin Danya.

Kammalawa

Damuwar iyaye a kan tarbiyya gaskiya ce, kuma masu sana'ar da kansu sun ba da ƙofar da aka shigo musu. Haka nan soke hukuncin Iyan-Tama da babbar kotu ta yi ya nuna cewa gyaran tarbiyya ma sai ya bi hanyar adalci. Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, duk wanda ɗansa ya nuna sha'awar wannan harka, ya tsaya masa ya yi karatu tukuna, ya koyi aikin a hannun mutanen kirki, ya yi rajista da hukuma, ya kuma riƙa rubuta duk wata yarjejeniya ta kuɗi a gaban shaidu.

Sa'annan muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su yi amfani da 'ya'yanmu da suka iya kyamara, a je gida a ɗauki bayanan dattawan Indabo a kan asalin unguwanni da zuriyoyi da sana'o'in gado da waƙoƙin noma da na biki, a adana su tun masu bayanin suna raye. Aikin ba ya buƙatar jarin da su Iyan-Tama suka zuba a zamaninsu, domin wayar da ke aljihunmu ta isa a fara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ɗaukaka garinmu Indabo, amin.