Hanyar Rai: direbobin da suka tuƙa mota a kan tafki

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Zan ba ku labarin direbobin da suka tuƙa motocin kaya a kan ruwan da ya daskare, cikin dare, jiragen yaƙi na sako musu bama-bamai. A Rasha aka yi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

2/ Ran 8 ga Satumba 1941 sojojin Hitila suka toshe hanyar ƙasa ta ƙarshe mai shiga Leningrad, garin da yanzu ake kira St. Petersburg. Jamusawa ta kudu, sojojin Finland ta arewa, mutum kusan miliyan biyu da rabi a tsakiya.

3/ Yunwa ta kama gari. Daga 20 ga Nuwamba, rabon burodin ma'aikaci a rana giram 250 ne, yara da tsofaffi kuma giram 125. Shi ma burodin an cakuɗa shi da dusa da tarkacen da ba gari ba.

4/ Ƙofa ɗaya ta rage: tafkin Ladoga, wanda ya fi kowane tafki girma a Turai. Da sanyi ya tsananta ruwan ya daskare, jiragen ruwa suka tsaya. Sai hukuma ta ce to, a bi ta kan ƙanƙarar. Ran 22 ga Nuwamba motoci 60 suka hau, suka nufi ƙauyen Kobona a ɗaya gaɓar, tafiyar kusan kilomita 30.

5/ Motar da aka fi amfani da ita GAZ-AA ce, mai ɗaukar tan ɗaya da rabi. A farko ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, don haka 'yan buhunan gari kaɗan ake lodawa. Direba yana tuƙi ƙofarsa a buɗe, wasu ma cire ta suke yi, don in mota ta fara nutsewa ya yi tsalle ya fita.

6/ Haɗarin ba ɗaya ba ne. Bam ya huda ƙanƙara, dusar ƙanƙara ta rufe ramin, na baya ya afka. Guguwa ta taso, mutum ya ɓace hanya. Ga barci, har wasu direbobi kan rataye tukunya a bayan kansu ta riƙa dukansu don kada su gyangyaɗa.

7/ Amma ga abin da ya ɗaure wa kowa kai: mota ta shigo da kaya niƙi-niƙi lafiya lau, sai a hanyar komawa, ta ɗauko mutanen da yunwa ta ramar, ƙanƙara ta fashe da ita. Yaya mai nauyi za ta wuce, mara nauyi ta nutse?

8/ Masanin fiziks Pavel Kobeko da abokan aikinsa suka kai na'urori kan tafkin suna auna yadda ƙanƙarar ke lanƙwasa. Ashe mota tana tura igiyar ruwa a ƙarƙashinta. In gudunta ya yi daidai da na igiyar, wajen kilomita 35 a awa, girgizar sai ta ninku, ƙanƙara ta tsage. Mara nauyi ita ce ke samun damar yin wannan gudun.

9/ Daga nan aka kafa doka: a guji wannan gudun, a bar tazara tsakanin motoci, ba a wuce na gaba. Aka kafa tantunan jin ɗumi, na magani da na gyaran mota a kan ƙanƙarar, ga masu ba da hannu tsaye cikin sanyi.

10/ Ran 25 ga Disamba aka ƙara rabon burodi a karon farko. Kafin ƙanƙarar ta narke a Afrilu 1942, an shigar da kaya kusan tan 360,000, an fitar da mutum kusan rabin miliyan. Motocin ƙarshe cikin ruwa suka riƙa kutsawa.

11/ Duk da haka dubban ɗaruruwa sun mutu, yawanci da yunwa, kafin a kawo ƙarshen ƙawanyar ran 27 ga Janairu 1944, bayan kwana 872.

12/ Ni dai a ganina, jarumtar direbobin ita kaɗai da ba ta isa ba. Sai da aka auna, aka sa doka, direba ya danne son gudu duk da bam na bin sa, sannan burodi ya riƙa isa gari. Rashawa suna kiran hanyar Hanyar Rai, kuma a 1966 aka gina abin tunawa a gaɓar da motocin ke hawa ƙanƙarar.