Jirgin Mendi: Ya Sauke Namu Lafiya, Ya Nutse Da Wasu

Mutumin Kutama na shekara ɗari da suka wuce, babban ruwan da ya sani shi ne rafin damina da kududdufin bayan gari. Amma daga ƙauyuka irin nasa, a ƙasar Kano da sauran Arewa, Turawa suka ɗebi samari aikin soja, jirgin ƙasa ya kai su bakin teku, ruwan da ido ba ya ganin gaɓarsa.

A ƙarshen 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura rundunar Nijeriya zuwa Gabashin Afirka don yaƙar Jamusawa, ƙarƙashin Janar Cunliffe. Cikin jiragen da suka kwashe su akwai Mendi, wanda aka ƙera a 1905, yake jigilar kaya da fasinja tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. A Legas aka gyara cikinsa, rumbunan kaya suka zama makwancin soja. Ya sauke mutanenmu lafiya a Darussalam.

Daga nan ya nufi Cape Town, ya ɗauki leburorin yaƙi baƙar fata sama da 800 'yan Afirka ta Kudu, za a kai su Faransa. Ya sake tsayawa a Legas, aka ɗaura masa igwa a baya. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo mai kauri kusa da gaɓar Ingila, wani jirgi mai suna Darro, wanda ya ninka shi girma, ya banke shi da gudu. Cikin abin da bai kai rabin awa ba Mendi ya nutse a ruwa mai tsananin sanyi. Mutum 646 suka rasu. Abin da ya fi ciwo shi ne matuƙin Darro bai sauke ko kwalekwale ɗaya don ceto ba, kuma hukuncinsa bai wuce dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya ba. Da ajali ya gabato da 'yan watanni, da a gidajenmu aka yi zaman makokin.

Yaƙin Hitila ya maimaita tafiyar. A 1943 da 1944 aka kwashe runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya, kan hanyar Bama, alhali jiragen ƙarƙashin teku suna farauta. A wannan tekun na Indiya ne, ranar 12 ga Fabrairu 1944, Japanawa suka harbi jirgin Khedive Ismail, ya nutse cikin 'yan mintuna da mutum kusan 1,300, akasarinsu sojojin Gabashin Afirka.

Mun adana sunayen fagagen daga da na rundunoni a barikokinmu: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Teku kuwa ba ta da bariki, ba ta da kushewar da za a ziyarta. Afirka ta Kudu ta mayar da 21 ga Fabrairu ranar tunawa da sojojinta saboda Mendi. Mu ma muna da rabo a tarihin wannan jirgi. Duk gidan da ke da kaka cikin mazan jiya, a Gwarzo ko Kabo, ya kamata ya tambayi dattawan da suka rage abin da tsohon ya faɗa game da ƙetare teku, a rubuta, tun kafin ƙasa ta rufe masu labarin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba.